Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Fatsa, Sakkwato

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Bana mun yi babban rashi. Baba, jagoranmu a ruwa, ya rasu da damina. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Basarke ne gaba da baya, ya san Gulbin Rima tun daga Goronyo har inda ya haɗu da Gulbin Sakkwato, kuma duk baƙon da ya zo neman giwan ruwa da fatsa hannunsa muke danƙa shi. In iska ta taso ba ya tura jirgi, ko nawa za a biya shi.

Tarukan wata an yi su, fuskokin nan dai da aka saba gani.

Abin da ya faranta mana rai shi ne fitar tunawa da shi da muka yi ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo, bayan sanyi ya ja baya. An fara da addu'a bayan sallar asuba, iyalinsa suna wurin, sannan aka yi komai bisa tsarinsa. Masu neman giwan ruwa sun ɗana ƙaramar karfasa mai rai, kamar faɗin yatsu uku, an soka ƙugiya a bayanta ƙasan ƙayar ba tare da taɓa ƙashin baya ba, domin ta ci gaba da motsi. In aka taɓa ƙashin ta sandare, giwan ruwa kuwa motsi take bi. Masu tarwaɗa sun sa tana da hanjin kaza, da dalma mai nauyin da zai zaunar da abincin a ƙasa. Kowa ya ɗaura waya kamar taƙi ɗaya tsakanin zare da ƙugiya saboda tsage, kifin nan mai kaifin haƙora, sai mutum biyu da suka ce ba sai sun sa ba. Tsage ya datse musu zare, suka koma suna aron ƙugiya. Kafin hantsi giwan ruwa ta kama, aka daɗe ana sakar mata zare tana ja har ta gaji, kamar yadda Baba ya koyar, domin mai fizga da ƙarfi shi ke tsinka zare. Kuskurenmu ɗaya: an bar bokitin karfasa a rana ba a sauya ruwa ba, rabi suka mace. Da azahar an rarraba kifin, kaso mafi tsoka ya tafi gidan marigayi.

Sai maganar jirginsa, wadda wasu ke ta yi da mu a bayan ido. Mun yi alkawarin gyara shi domin ɗansa ya ci gaba da ɗaukar baƙi. An sayi katako da ƙusoshi, an kankare tsohuwar kwalta. Saura a sauya allunan ƙasa guda biyu da suka ruɓe, a cusa tsumma a tsagu, a zuba kwalta, a lulluɓe da kwano. Kafinta ya tsaya ne don ba a cika masa kuɗin aiki ba, katakon kuma ya sha rana har wani ya fara lanƙwasa. Babu wanda ya ci ko kwabo, rasit yana wurin ma'aji ga mai son gani. Rigunan ceto ma ba a saya ba, dalilin ɗaya ne.

Waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke ba su kai rabinmu ba. Akwai waɗanda ba mu gan su a ta'aziyya ba, ba mu gan su a taro ba, amma ranar Goronyo su suka fara kama kujerar gaba a mota. Ma'aji ya gaji da bin manya shago-shago ana ce masa ya dawo gobe.

Kwamiti ya yanke cewa duk mai bashin wata uku ba shi da gurbi a mota a fita ta gaba. Kuɗin da ya fara shigowa na kafinta ne, don a rufe jirgin kafin ruwan farko.

Wassalam,
Sakatare