A koyar da ilimin falaki ta intanet da Hausa, amma a fitar da ɗalibi tsakar gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon fili a jaridarka mai albarka don mu yi magana da malamai da ƙungiyoyin matasanmu da ke nan Saudiyya, da 'yan'uwa na Sudan da na gida. Ranar 2 ga Agusta 2027 za a yi cikakken husufin rana, kuma inuwar watan za ta ratsa Luksor ta Masar, ta tsallako Bahar Maliya, ta bi ta kan Jidda da Makka, inda gari zai yi duhu da rana tsaka na wajen minti biyar zuwa shida. Yaranmu na Shara Mansur da Hindawiyya da Karantina za su ga abin da masana ke biyan kuɗin jirgi don su gani. Ya kamata ranar ta same su da sanin abin da ke faruwa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce aji ta intanet.

Sai dai galibin darussan falaki da ake sakawa a intanet kallo ne kawai: hotunan taurari masu ƙyalli, malami yana zuba, ɗalibi yana kwance da waya a hannu. Bayan wata uku bai san inda Gamzaki ke fitowa ba. Ra'ayinmu shi ne a bar wa waya aikin bayani da karɓar rahoto, darasin kansa kuwa a yi shi a waje. Kuma warwatsuwar da ɗalibai suka yi, wani a Jidda, wani a Madina, wani a Kasala, wani a Kano, ita ce babbar ribar wannan aji, domin akwai awon da ba ya yiwuwa sai da mutum biyu a garuruwa masu nisa.

Ga misali. Ranar da dare da yini suke daidaita, wato wajen 20 ga Maris ko 23 ga Satumba, kowane ɗalibi ya kafa sanda mai tsawon mita ɗaya cif a kan daɓe shimfiɗaɗɗe marar gangara. Daga ƙarfe 11:00 zuwa 1:00 ya riƙa sa alama a ƙarshen inuwar duk bayan minti biyar, ya ɗauki mafi gajarta. Kada ya dogara da sha biyun agogo, don zawali a Jidda da Kano yakan zo ne bayan sha biyu da kwata, wani lokaci har da rabi. Na Jidda zai samu kimanin santimita 39, na Madina 45, na Khartum 28, na Kano 21. A zana sandar da inuwar a takarda, a auna kusurwar da ke saman sandar: digiri 21.5 a Jidda, 12 a Kano. Bambancin digiri 9.5 ke nan. Tazarar arewa da kudu tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 1,055 ce, to idan aka raba 360 da 9.5 aka ninka da wannan tazara, sai ga kewayen duniya, kusan kilomita 40,000. Irin wannan aikin ne masanan Halifa Ma'amun suka yi a filin Sinjar da ke Iraƙi wajen shekarar 830, su da ƙafa da igiya suka yi nasu.

Inda ake ɓata wannan awo guda uku ne, kuma malamin da ba ya wurin sai ya faɗe su tun kafin ranar. Sanda takan karkace, don haka a rataya dutse da zare a gefenta kamar yadda magina ke yi. Ƙarshen inuwa ba ya fita tsaf, yana da dishi-dishi, sai a ɗora ƙusa a kan sandar a lissafa tsawonta a cikin mitar. Na uku shi ne wanda ke ruɗa har manya: a ɗauki nisan jirgi daga Kano zuwa Jidda, wanda ya haura kilomita 3,000, a sa shi cikin lissafi. Yawancin wannan nisa gabas ya yi, awon kuwa arewa da kudu kaɗai ya sani. Kuskuren santimita ɗaya a inuwa rabin digiri ne, wanda zai iya jirkita amsa da kilomita dubu biyu. Shi ya sa za a ce kowa ya turo hoton sandarsa da abin awon a kwance kan inuwar, don lamba kaɗai ba ta nuna inda aka kauce.

Darasin alƙibla ma haka yake. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai kan Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27, agogon Saudiyya. A Najeriya da Nijar 10:18 da 10:27 na safe ke nan. Wanda ya fuskanci inda rana take a wannan minti ya fuskanci alƙibla, inuwar sandarsa kuma ta faɗi bayansa a kan layin. Ɗalibin Kano zai ga alƙiblarsa ta karkata arewa maso gabas, wajen digiri 68 daga arewa, ba gabas sak ba kamar yadda bakinmu ya saba faɗa. Na Makka zai ga inuwa ta ɓace gaba ɗaya. Na Jidda kuwa dabarar ba ta yi masa aiki, don rana ta kusa tsayawa a kansa, inuwar kimanin santimita ɗaya ce kawai. A haɗa hotunan uku a fuska ɗaya, bayani ya ƙare. A wannan darasin ne kuma za a nuna musu abin da ya sa kamfas ɗin waya ke yaudara kusa da ƙofar ƙarfe ko rodin gini.

Sai littafin wata. Kwana talatin, kullum a lokaci guda, ɗalibi ya zana siffar wata ya rubuta tsayinsa daga ƙasa. Ma'auninsa hannunsa ne: dunƙulen hannu a miƙe kimanin digiri 10, ɗan ƙaramin yatsa digiri 1. Da kansa zai gano cewa wata yana matsawa gabas wajen digiri 13 kowace rana, yana jinkirin fitowa da kimanin minti 50, kuma zagayen yana cika a kwana 29 da rabi. Daga nan zai fahimci dalilin da jinjirin watan da bai nisanci rana da digiri 7 ba ba ya ganuwa da ido. A nan malami ya iya bakinsa. Sanar da tsayuwar wata aikin Kotun Ƙoli ne a Saudiyya, a Najeriya na Sarkin Musulmi ne, aji ba wurin fatawa ba ne. Haka kuma tun zaman farko a bayyana wa iyaye cewa lissafin tafiyar rana da wata ake koyarwa, babu duba a ciki, in ba haka ba za a janye yara ba tare da an faɗi dalili ba.

Game da tsarin ajin, agogon Saudiyya yana gaban na Sudan da awa ɗaya, yana gaban na Najeriya da awa biyu. Ƙarfe tara na dare a Jidda daidai take da tsakanin magariba da lisha a Kano, don haka goma da rabi ta fi. Asabar ce ranar hutun da ta haɗa kowa. Zaman kai tsaye sau ɗaya a mako ya isa, sauran a tura da saƙon murya da hoto a Telegram ko WhatsApp, saboda wanda ke Sudan ko ƙauyen gida ba shi da data da wutar da za su ɗauki bidiyon awa guda. Yaranmu haifaffun nan suna jin Hausa amma Larabci suke karantawa, don haka murya ta zama da Hausa, takarda kuma da harsuna biyu, a haɗa sunayen taurari na Hausa da na Larabci: Kaza da 'Ya'yanta da Surayya, Zara da Zuhura.

Kayan aiki ba su da tsada. Manhajar Stellarium kyauta ce a kwamfuta, amma a tabbata kowa ya sa garinsa da agogonsa daidai, don nan ne rabin ƙorafin "ban ga tauraron ba" yake fitowa. Kada a yi gaggawar sayen na'urar hangen nesa mai araha, ƙafafunta rawa suke yi. Darbil, wato madubin hangen nesa mai ido biyu da ake riƙewa a hannu, mai lamba 7x50 ko 10x50, a jingine shi da katanga, ya isa ya nuna ramukan wata da watannin da ke zagaye duniyar Mushtari. Hasken Jidda da ɗanshin teku suna cinye ƙananan taurari, sai a shirya fita wajen gari ko tsaunukan Ɗa'if a daren da babu farin wata, a ba ido minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu, ba tare da an kunna waya ba.

Gargaɗi ɗaya ba shi da sassauci: ba a kallon rana da darbil, ko baƙin tabarau, ko gilashin da aka turara da hayaƙi. Sai da tabaran husufi mai lambar ISO 12312-2, ko a huda kwali a bar hoton ranar ya faɗo kan farar takarda. Muna roƙon Edita ya ware ɗan gurbi duk wata don sanar da abin da za a gani a sama, ya kuma buga wannan gargaɗi akai-akai kafin Agustan 2027.

Wassalam.

Wasu malaman kimiyya,
Jidda, Saudiyya