Zanenmu sana'a ce, ku daina ce mata taimako

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki, ya zafi.

Na saurari shirinku na rediyo na daren Lahadi, kan aikin haɗa naƙasassu masu zane da masu shaguna, tun daga farko har ƙarshe kuma wallahi raina ya ɓaci. Kun ba masu shaguna da jagoran aikin lokaci sun yi ta magana son ransu, mu da muka riƙe buroshi muka yi zanen ko mutum ɗaya ba a miƙa wa makirfo ba, sai mai gabatarwa ke ta maimaita "a taimaka wa bayin Allah, a tausaya musu". Wannan kalma ta taimako ita ta hana ni barci.

Ni shan inna ya kama ni tun ina ƙarami, da keken hannu nake yawo, kuma shekara 14 ke nan ina rubuta allunan shago da zanen bango a garin nan. Allon tela da keken ɗinkinsa, na mai aski da kawunan samari, na mai gyaran waya, duk a ƙasa nake shimfiɗa su in zauna in yi. In bangon ya yi mini tsawo sai in zana a takardar buhun siminti in yanke da reza, ƙanena ya hau tsani ya manna ya bi da fenti, ni ina ƙasa ina ce masa matsa dama, ɗan ɗaga sama. Da wannan nake ciyar da mata da yara 4, ban taɓa miƙa hannu a bakin masallaci ba.

To ku ji abin da maganarku ta jawo. Ranar Talata na kai wa wani mai shago allonsa kusa da Kasuwar Dole, mun yi ciniki jika 15 tun satin da ya wuce, da ya duba ya ce ya yi kyau sai ya ƙirgo jika 7 ya ce "ai na ji a rediyo taimaka muku ake yi, karɓi wannan Allah ya amfana". Malam, fenti kaɗai na jika 5 na saya, ban da katako da kwana 3 da na yi a duƙe bayana na ciwo. Na karɓa don ba na son hayaniya cikin mutane amma har na iso gida hannuna na rawa.

Damagaram fa garin zane ne. Gidajen Birni da na Zango masu ado a fuska baƙi ke zuwa ɗaukar hotonsu, jakunkuna da takalman dukawanmu har ƙasashen waje ake kai su, wa ya taɓa cewa mai sayensu sadaka yake yi? Sai aikin ya fito daga hannun gurgu ko kurma ko makahon da ke saƙar kujera sannan ya koma sadaka. Haɗa mu da masu shaguna abu ne mai kyau, ni ma na samu ciniki ta nan, amma mai shago shi ma yana cin riba, allo mai kyau ke tsayar masa da mai wucewa.

Kuma tun 1993 akwai dokar da ta ce a ware wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ko ambatonta ba ku yi ba. Ba ku tuna mu sai 31 ga Yuli da 3 ga Disamba, ranakun naƙasassu na ƙasa da na duniya, sun zo. Don Allah ku sake shirin, ku zo inda muke aiki ku tambaye mu nawa ne gwangwanin fenti, nawa muke yin allo, mu faɗa da bakinmu.

Sannan lambar nan da kuke bayarwa ta kira, sau 6 na buga a daren, sau ɗaya aka ɗauka aka bar ni ina jin kiɗa har kuɗin wayata suka ƙare. Ku gyara ta ko ku sa wadda za mu riƙa turo murya ta WhatsApp.

Mai sauraronku daga unguwar Zango, Damagaram.