Lakwaja, mahaɗar Kwara da Binuwai, da kaburburan sarakunanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin masu karatu zuwa Lakwaja, garin da yawancin matafiyan Arewa suka sani a matsayin wurin shan mai da sallah a hanyar Kudu.

Garin yana zaune a gaɓar yamma ta kogin Kwara, daidai inda Binuwai ya zo daga gabas ya haɗu da shi, Dutsen Patti kuma yana bayansa. Wannan matsi tsakanin dutse da ruwa shi ya sa garin ya miƙe a tsawon gaɓa, shi ya sa kuma ambaliya take cin unguwannin bakin kogi. A 2012 da 2022 ruwa ya shanye hanyar Abuja wajen Koton Ƙarfe, manyan motoci suka kwana a layi. Dalilin a fili yake: kogunan biyu suna cika a watannin Satumba da Oktoba, idan kuma aka saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, Binuwai ya ƙara nauyi a kan abin da Kwara ya riga ya kawo.

A nan ne Gwamna Lugga (Lugard) ya kafa tutar Ingila ranar 1 ga Janairu 1900, bayan karɓar mulki daga kamfanin Royal Niger, kafin hedikwatar mulkin Turawa a Arewa ta koma Jebba sannan Zungeru. Tun 1991 garin ne babban birnin Jihar Kogi.

Abin da ya fi damunmu shi ne unguwar Kabawa, inda kaburburan sarakunanmu suke. Lakwaja ce Turawa suka mayar wurin tsare sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, an kai shi Yola sannan aka dawo da shi nan, ya rasu a 1926. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ma a nan ya cika, haka Kwasau da ya gabace shi a sarauta. Waɗannan bayin Allah an raba su da iyalansu da ƙasarsu, kaburburansu suna nan a tsakiyar gidajen jama'a, amma ɗalibi daga Kano ko Zariya zai gama sakandare bai taɓa jin inda suke ba. Kabari a ƙasa mai yawan ruwan sama ba ya jure sakaci: danshi yana cin siminti daga ƙasa, saiwar ciyawa tana tsaga katanga, kwano yana yin tsatsa. Gyara na lokaci guda ba ya isa, sai an sa mai kula na dindindin da magudanar ruwa a kewaye.

Batun tashar jiragen ruwa kuwa, hedikwatar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa tana Lakwaja, kuma a 2009 gwamnatin marigayi 'Yar'aduwa ta ƙaddamar da yashe Kwara daga Baro zuwa Warri, kilomita 572. Matsalar ita ce kowace damina kogi yana dawo da yashi, da rani kuma ruwa ya ja, tsibiran yashi su fito, jirgin dakon kaya mai nauyi ya kafe. Yashe kogi aikin kowace shekara ne.

Mai son ziyara ya zo tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin da ruwa ya lafa, zafin Maris bai sauka ba. A hau Patti da sassafe da ruwan sha a hannu. Daga sama ana ganin haɗuwar kogunan sarai, da tsohon gidan hutawar Lugga. Wanda zai shiga kwale-kwale zuwa mahaɗa ya daidaita kuɗi tun a gaɓa, ya sa rigar kariya, ya ƙi jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, kuma kada ya yarda da tafiyar dare.

Muna kira ga masarautun Kano da Zazzau su haɗa kai da fadar Maigarin Lakwaja da gwamnatin Kogi, a katange kaburburan nan, a kafa allo da Hausa da Ajami da Turanci mai ɗauke da sunan kowane sarki da shekarar rasuwarsa.

Wassalam.

Daga wasu masu kishin tarihin Arewa