Wasiƙa daga Garwa ta Kamaru zuwa ga ɗana a Liyon ta Faransa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da kai cewa mu ma nan Garwa lafiya muke, sai hazon hunturu da ya rufe kogin Binuwai.

Hotunan da kake sakawa a Facebook sun faranta ran mahaifiyarka, har ta zagaya da wayarta gidajen maƙwabta. Ni kuwa muryarka na saurara ranar Juma'a, na ji gajiyar da hoton ya ɓoye. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar da aka shirya domin hoto ba ta da amana. Ban taɓa gaya maka ba, a Janairun 1994 ina ɗalibi a birnin Marsai na Faransa aka karya darajar sefa, faran Faransa 1 ya koma sefa 100 maimakon 50, abin da kakanka ke aiko mini ya zama rabi a dare ɗaya. Na shekara ina wankin kwanuka a wani gidan abinci wanda mai shi yakan riƙe mini hakkina, amma duk wasiƙar da na rubuto gida sai in ce komai lafiya. Wannan ƙaryar ta fi wankin kwanukan cin raina.

Mutanen gida da sefa suke lissafi. Yuro 1 sefa 655 ne da 'yan kai, saboda haka idan suka ji yuro 600 sai su hango kusan sefa dubu 400, ba su san kuɗin hayar ɗaki kaɗai zai iya cinye fiye da rabi ba, kafin a zo ga abinci, kuɗin mota da rigar sanyi. Don haka na hana ka aiko wa kowa kuɗi ko waya har ka gama karatu, kuma duk wanda ya matsa maka, ko da baffanka ne, ka turo shi wurina.

Ka riƙe takardar izinin zamanka kamar yadda kake riƙe lafiyarka, ka nemi sabunta ta aƙalla wata 2 kafin ta ƙare. Doka ta yarje wa ɗalibi aikin awa 964 a shekara, wato kimanin awa 18 a mako. Idan kwaɗayin kuɗi ya sa ka zarce, ko aikin dare ya sa ka faɗi jarrabawa, hukuma na iya hana ka sabuwa. Kada kuma ka yarda ka yi aiki da takardar wani, komai daɗin bakin mai tayin.

Abin da ya fi damuna shi ne kaɗaici. Na san yadda rana ke faɗuwa tun ƙarfe 5 a Disamba, mutum ya koma ɗaki babu mai ce masa sannu da zuwa, alhali a unguwarmu idan ka kwana biyu ba a gan ka a masallaci ba sai an yi sallama a ƙofar gida. Kada ka bar sallar Juma'a, domin can za ka sami wanda zai neme ka ranar da ciwo ya kwantar da kai.

Ɗan gwaggonka ya fara maganar bin hanyar Agadas zuwa Libiya, hujjarsa kuwa hotunanka. Ka kira shi a makon nan, ka faɗa masa kuɗin hayarka da lokacin da kake tashi aiki, kada ka rage komai.

Mahaifiyarka ta so ta aiko maka da kilishi, na hana ta, domin ba a barin matafiyi ya shiga Turai da nama. Mai zuwa zai kawo maka kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji. Ka sanar da mu idan sun iso.

Wassalam,
Mahaifinka.