Wasiƙa kan gidan hayana na Hotoro

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya Jidda, yaya iyali da yara? Mu nan Kano sai godiya. Hajiya ta ji sauƙin ƙafar, tana gaishe ka.

Maganar gidan nan na Hotoro ce ta hana ni barci, shi ya sa na ce bari in rubuto maka. Dillalai sun yi masa kuɗi miliyan 60, amma abin da 'yan haya ke ba ni a shekara bai wuce miliyan 2 da rabi ba, a ciki kuma ake gyaran rufi da famfo. Sai ga shaguna uku an kawo min tallarsu a titin Zariya, hayarsu ta ninka ta gidan. Raina ya biya, ba zan ɓoye maka ba.

Da farko na yi tunanin jinginar da gidan a banki in sayi shagunan. Da na zauna na yi lissafi sai jikina ya yi sanyi. A Nuwamban 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, bankuna kuma su ɗora nasu ya kusa 30. In na ci bashin miliyan 20, ruwan kaɗai miliyan 6 ne a shekara, hayar gidan gaba ɗaya ba ta kai rabinsa ba. Balle kuma haramcinsa, wanda ni da kai mun sani tun muna makarantar allo. Akwai bankunan Musulunci Jaiz da TAJ masu murabaha (su saya su sayar maka da riba) da ijara (su ba ka haya), zuciya ta fi natsuwa da su, sai dai ko a can takardar mallakar gidan, wato C of O, ce za ta tafi, kuma dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna. Watanni ke nan.

Sayarwar kuwa, naira nake tsoro. Ka tuna kafin Yunin 2023 dala tana wajen 460 a hukumance, a 2024 ta haura 1,500. Wani maƙwabcina ya sayar da nasa ana gab da haka, ya ajiye kuɗin yana jiran fili mai kyau. Siminti ya ninka, filaye suka tashi, yau shi ma haya yake biya. Wallahi in na gan shi a masallaci tausayi yake ba ni.

Don haka jingina na fasa. Sayarwa kuma sai in lauya ya tantance takardun shagunan a KANGIS, hukumar da ke riƙe bayanan filayen Kano, a karɓi kuɗi a biya kuɗi cikin mako guda, kada su kwana a hannuna.

Abu ɗaya ya rage min. Malamin makarantar nan na sashen baya shekara 11 yana ciki, 'ya'yansa duk nan aka haife su, sabon mai gida kuma ƙarin haya zai fara yi masa. Ka ba ni shawara kafin watan gobe, don dillalin ya matsa min.

Naka amini.