Zuwa ga Auta, kan maganar katin kwamfuta

Nima, Akra

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da Baba da Yaya da yaranta. Ni ma lafiya lau nake, sai kewar gida. Ka faɗa wa Inna yajin da ta aiko ya iso, da shi nake cin shinkafa da wake kullum safe kafin in hau trotro zuwa shago.

Na saurari saƙon muryarka har sau uku. Kana so in haɗa abin da na tara da kuɗin adashenka in sayo maka katin girafik RTX 5090, wato ɓangaren kwamfuta da ke zana hoton da ake gani a sikirin, ka kafa shi a shagon gem da za ka buɗe, tunda a layin Tiptoe nake aiki, kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, inda kayan kwamfuta ke zube. Na ji daɗi da kake tunanin sana'a, wallahi. Shi ya sa na zauna na rubuto maka a tsanake.

Ba zan rage wa katin daraja ba. Na taɓa haɗa wa wani mai sana'ar tace bidiyo irinsa, na ga aikinsa da idona, abin sai wanda ya gani. Kamfanin Nvidia ya fitar da shi a Janairun 2025 a kan dala 1,999, da ma'ajiya mai gigabait 32. Amma wannan farashin Amurka ne. Kafin ya iso hannunka an ɗora kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa, ga canji daga dala zuwa sidi, daga sidi zuwa naira.

Kuma kuɗin saye ba shi ne ya fi damuna ba. Wuta ce. Katin shi kaɗai yana iya jan wat 575, masu shi kuma sun ce a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 1,000. Ka tuna ɗan janaretonmu da ke bayan ɗakin Baba, wanda ke sauya murya in an jona dutsen guga? Shi zai ɗauki wannan? Duk wutar da katin ya sha kuma zafi take komawa. Ka ƙiyasta shago mai rufin kwano a Kano cikin watan Afrilu, yara goma a ciki. Ko nan da suke kiran ɗauke wuta dumso, na sha karɓar kwamfutocin da wuta ta dawo musu da ƙarfi ta ƙone su. Akwai saurayin da ya kawo mana nasa katin a naɗe cikin tawul, shekara guda ya yi yana tara kuɗinsa, ba mu iya ceto shi ba. Har yau ina tuna fuskarsa.

Sai maganar sikirin. An yi katin ne domin hoton 4K, wanda ya ninka na 1080 sau huɗu wajen yawan ɗigo. Talabijin ɗin da ka ce za ka fara da ita 1080 ce, kuma hoto 60 kawai take nunawa a daƙiƙa. Ko katin ya zana ɗari uku, sittin ɗin nan ido zai gani. Ka sayi doki ingarma ke nan ka ɗaure shi a zaure.

Yanzu ka duba RTX 4060. Ya fito a 2023 a kan dala 299, wat 115 yake ja. Biyar ɗinsa ne za su sha wutar babban guda ɗaya, kuɗin babban kuma ya sayi shida har da canji. Yaran unguwa gem ɗin ƙwallo za su zo bugawa, wannan kuwa yana ɗaukarsa cikin sauƙi a irin sikirinka. Kujera ɗaya kuɗin mutum ɗaya take kawowa, komai tsadar abin da ke cikin kwamfutar. Mai tace bidiyon can da katin yake cin abinci, duk awar da ya rage masa kuɗi ce. Kai lissafinka daban ne.

Ga abin da zan yi. Zan haɗa maka kwamfuta biyu masu matsakaicin kati, in gwada su da hannuna kwana uku a kunne. Kada ka sayi na gwanjo a can ba tare da ka tambaye ni ba, domin da yawa an gajiyar da su wajen haƙar kirifto, wato sa kwamfuta aiki dare da rana don samo kuɗin intanet. Kuɗin adashenka ka riƙe shi na batir da inbata da fanka, sola ta biyo baya in ciniki ya kankama.

Na san ranka ba zai so ba. Ka yi haƙuri, ka auno min faɗin shagon da yawan soket ɗin da ke ciki, ka turo kafin Juma'a. Ka gaida Inna, ka ce ina neman addu'arta.

Naka,
Yayanka