Makin cin hanci ba ya nuna teburin da takarda ke maƙalewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin kamfanonin da ke kai ayyukansu ƙetare don arahar ma'aikata, kada su dogara da jadawalin cin hanci na ƙungiyar Transparency International kaɗai wajen zaɓen ƙasar da za su je.

A jadawalin 2023, inda maki 100 ke nufin tsabta, Sin ta samu 42, Biyetnam 41, Indiya 39, Filifin 34, Meziko 31, Bangaladash 24. Amma makin nan ra'ayin masana da 'yan kasuwa ne kan gwamnati baki ɗaya.

Abin lissafawa shi ne sau nawa aikin zai haɗa ka da jami'i. Ofishin amsa kiran waya da ke hayar bene a Manila, babban birnin Filifin, ba ya cika gamuwa da kwastam. Mai gina masana'anta kuwa sai ya nemi takardar fili, da izinin gini, da layin wuta, da shaidar kariyar gobara, kaya kuma na jibge a tashar jiragen ruwa kuɗin ajiya na hawa kullum. A nan ake matsa shi.

Kamfanin fasahar kwamfuta na Amurka, Cognizant, ya biya hukumomin Amurka dala miliyan 25 a 2019, saboda toshiyar kusan dala miliyan 2 da aka bayar don izinin gini a birnin Chennai na Indiya. Ta hannun ɗan kwangila kuɗin suka bi. Galibi haka ake yi: dillali ya miƙa, ya rubuta a rasit cewa ladan ba da shawara ne. Dokar hana cin hanci ta Amurka ta 1977 da ta Birtaniya ta 2010 ba sa karɓar uzurin "ba ni na bayar ba".

Don haka kafin sa hannu a binciki masu kamfanin dillalin, ko akwai ɗan'uwan jami'i a ciki. A ƙi biya cikin asusun wata ƙasa daban, a ƙi biyan tsaba. A sa sharaɗin duba littattafan kuɗin dillalin a yarjejeniya, kuma a je a duba ɗin. A ware watanni na jiran izini tun a tsari, domin mai gaggawa ne ke biya.

Abin da ya fi damuna shi ne ma'aikata. Ginin Rana Plaza da ya rufta a Bangaladash a 2013 ya kashe mutum sama da 1,100, kuma an ɗora masa benaye ba bisa ƙa'ida ba. Masu ɗinki ne a ciki, yawancinsu mata.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku